Layin da Yaya Tela Ya Ƙi Ɗagawa

Yayan mijina tela ne. Shekara talatin da shida ya yi yana taka keke a wani ɗan shago mai kallon titi, har idonsa ya fara kasa ganin kafar allura. Ranar da ya ɗinka wa wani mutum aljihu a baibai bai jira kowa ya faɗa masa ba. Ya lulluɓe keken da tsohon zani, ya miƙa wa babban ɗansa mabuɗin shagon, ya ɗauki almakashinsa kaɗai ya dawo gida. Ni Yaya nake ce masa, yadda marigayi mijina yake kiransa. Sauran mutane Tela suke cewa har yau, ko da yake rabonsa da zare ya haura shekara goma.

Siririn mutum ne, ba ya son hayaniya, ba ya kuma son a gyara masa zance. Ko gaisawa kuke yi, idonsa yana kan wuyan rigarka yana duba ɗinkin. Bai taɓa cutar kowa ba a sanina. Abin da yake so kawai shi ne in ya yi abu mai kyau a san shi ya yi.

A shekarar da ya bar shago, ƙoramar da ta ratsa bayan unguwarmu ta cinye katangar makarantar firamare a damina ɗaya. Wata malama da ta yi ritaya ta tara mutane, ta ce ƙasar tana zaizayewa ne saboda an sare duk itatuwan bakin ruwa, ta ce a kafa ƙungiyar sa kai a riƙa renon dashe, a kuma riƙa koya wa yara. Ita muke kira Shugaba. Aka ba ƙungiyar wani fili a bayan tankin ruwa, aka kewaye shi da waya, aka kafa rumfa, aka gina ɗan ɗakin ajiya. Yaya yana cikin mutum biyar na farko.

Aikin ya karɓe shi. Kafin ya jera ledojin da ake renon dashe a ciki sai ya ja igiya, layi ya miƙe sambal kamar ɗinkin gefen riga. Darbejiya nan, tsamiya can, maɗaci a ƙarshe kusa da waya. Kuma shi aka ba ranar Laraba. Duk Laraba da hantsi malaman makaranta sukan kawo aji guda, yara su zauna a kan buhuna, Yaya ya tsaya a gabansu da hularsa mai tsabta. Darasinsa ɗaya ne ya fi so. Zai ɗaga leda sama, ya nuna musu farar saiwar da ta leƙo ta ƙasa, ya zaro almakashi daga aljihu.

«Duk sati nawa?»

«Sati biyu!»

«A yi me?»

«A ɗaga, a datse, a ajiye!»

Sai ka ji ƙyas, ya datse saiwar. Yakan bayyana musu cewa in aka bar leda wuri ɗaya, saiwa za ta huda ta ta shiga ƙasa. Dashen zai yi tsawo, ganye ya yi kore shar, kowa ya yaba. Amma ranar da za a ɗauke shi zuwa inda za a dasa, dole saiwar ta tsinke, kuma da wuya ya kai gobe. Shekara takwas yana faɗin wannan. Akwai matan aure a unguwarmu da in ka ce musu «sati nawa?» za su amsa kafin su yi tunani.

Ni na shiga ne bayan na fita takaba. Yaya ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, «Ƙanwata, zaman ɗaki ba zai dawo mana da shi ba. Zo ki riƙa cika mana leda.» Tun daga nan aikina ke nan. Ina haɗa ƙasa da yashi da taki, ina cikawa, a kan wata 'yar kujera a kusurwar rumfa. Daga wurin ana ganin komai, kuma ba a cika tunawa da mai cika leda ba.

A shekara ta takwas wani da muke kira Direba ya zo. Babbar mota ya tuƙa har gwiwa ta hana shi. Ƙato ne, mai dariya daga ciki, wanda in ya shigo wuri sai wurin ya cika. Ranar farko ya taka ledoji huɗu bai sani ba. Yaya ne ya koya masa komai, daga yadda ake riƙe garwar ban ruwa har zuwa zurfin da ake binne iri. Suna tsokanar juna a lokacin. Direba ya ce masa Mai Allura, shi kuma ya ce masa Ɗan Tasha. Sukan sha shayi a kofi ɗaya in ɗayan ya ɓace.

Akwai wata babbar ƙungiya a birni da take taimaka mana da ledoji da iri da baro. Sukan turo mutum biyu, wani jami'i mai littafi a hannu, da wata budurwa mai ɗaukar hoto. Wata rana suka iso ba sanarwa. Yaya ya ga motarsu, ya duba rigarsa duk laka, ya yi sauri ya shiga ɗakin ajiya neman hularsa ta Laraba. Kafin ya fito, Mai Hoto ta ce wa Direba ya ɗauki dashe ɗaya ya riƙe. Direba ya sunkuya ya ɗauki wanda ya fi kusa, ya yi wannan dariyar tasa.

Bayan wata biyu aka kawo kalandar sabuwar shekara. Ga Direba nan ya cika shafi, haƙora a waje, yana rungume da maɗaci. Maɗacin kuwa daga layin Yaya ne, shi ya jiƙa irin, shi ya shuka. A can gefen hoton akwai gwiwar hannun wani mutum da aka yanke. Na gane ta Yaya ce da ɗinkin rigar, yana fitowa ke nan aka ɗauka.

Yaya ya daɗe yana kallon kalandar. Abin da ya ce kawai shi ne, «Hular tasa ma a karkace take.»

Shugaba ta rataye kalandar a ɗakin ajiya. Washegari na ga Yaya ya buga ƙusa daidai samanta, ya rataye rigar aikinsa a kai. In Shugaba ta janye rigar don ta duba kwanan wata, kafin azahar ta koma. Ya daina cewa Ɗan Tasha, ya koma cewa «wancan bawan Allah». Ya sayo kofinsa ya ɗaura masa jan zare. In baƙo ya shigo ya fara gaida Direba, sai in ga Yaya ya duƙa yana gyara ledar da ba abin da ya same ta. Yara ma suka ƙara masa ciwo, don in an tashi darasi sai su kewaye Direba suna roƙon ya yi musu kukan hon na babbar mota. Yana yi kuwa, har da canjin giya.

Wata rana Yaya ya ce mini, «Kin ji? Shekara takwas ina koya musu ilimi. Wannan ya zo da fiii-fiii ya kwashe su.»

Gaskiya ni ma abin yana ci na. Duk ledar da ke cikin hoton nan hannuna ne ya cika ta. Kuma Yaya ɗan'uwan mijina ne, fuskarsu ɗaya in ya haɗe rai.

Saura sati goma damina ta sauka, Shugaba ta tara mu a ƙarƙashin rumfa. Ta ce mutanen birni za su ɗauki dashe ɗari uku a dasa a bakin ƙorama tare da makarantu uku. Kuma suna son mutum ɗaya ya riƙe dashen da darasin Laraba gaba ɗaya, wanda za su riƙa magana da shi.

Ta ce, «Ni ba zan zaɓa tsakanin dattawa biyu ba. Tela, ga layinka. Direba, ga naka. Ranar da suka zo, wanda suka ɗauki nasa shi ne mai Laraba.»

Direba ya yi dariya ya ce, «Haba Shugaba, wa ya isa ya karɓi Laraba a hannun Mai Allura?»

Yaya bai yi dariya ba. Da muka tashi ya biyo ni har wurin kujerata, ya rage murya. «Ƙanwata, mutanen nan ido gare su kawai. Abin hoto suke nema. To, zan ba su abin hoto.»

Ban gane nufinsa ba sai bayan sati uku. Direba yana aikinsa yadda aka koya masa, don shi a wurinsa dashe da mota duk ɗaya ne, in lokacin sabis ya yi sai a yi. Yakan ja layi da gawayi a jikin tanki, duk sati biyu ya ɗaga ledojinsa ɗaya bayan ɗaya, yana nishi saboda gwiwa, yana datse saiwa da wata tsohuwar wuƙa. A layin Yaya kuwa ciyawa ta fara fitowa tsakanin leda da leda. Ciyawa ba ta samun zama a inda ake ɗaga leda. Almakashin yana aljihunsa, ba ya fitowa sai Laraba, kuma ledar da yake nuna wa yara daga layin gwaiba yake ɗauko ta, ba daga nasa ba.

Na jira har muka rage mu biyu. Na ce, «Yaya, ban ga ka ɗaga naka ba kwanan nan.»

Bai juyo ba. «Ni na koya miki ko ke kika koya mini?»

«Kai ne, Yaya.»

«To. In ya rage sati biyu su zo zan datse. Kafin nan sun sha ƙasa sun yi jiki. Na san abin da nake yi.»

Na bar zancen na koma kan ledojina. Wani ɓangaren girmamawa ne. Wani ɓangaren kuwa, Allah Ya yafe mini, ina son in ga an ɗauki hoton Yaya a gaban Direba.

Layin ya yi kyau, wannan ba ƙarya. Da aka kai sati shida, maɗacin Yaya sun kai ƙugu, ganye sai sheƙi yake yi. Na Direba ba su wuce gwiwa ba, kuma da ya fara rage musu ruwa ya janye musu inuwa don su saba da wahala, sai ganyensu ya yi fari-fari, kamar marasa lafiya. Masu wucewa ta bayan waya sukan tsaya a layin Yaya su ce tubarkalla. Shi kuma sai ya ƙara garwa ɗaya.

Direba ya lura. Wata safiya ya tsaya da baro a bakin layin ya ce, «Mai Allura, wannan layin naka ya kwana biyu ba a kai shi sabis ba.»

«Ka kula da motarka.»

«Da gaske nake. In gwiwa ce, ni ma ita ce, sai mu haɗu mu ɗaga. Kai ka datse, ni in ajiye.»

«Wanda ya taka leda huɗu ranar farko shi zai koya mini? Sun tsone maka ido ne?»

Direba ya ɗaga hannu biyu sama, ya tura baronsa ya wuce.

Aka kai saura sati biyun da Yaya ya ce. Na gan shi da sassafe ya tsuguna a farkon layin, ya kama leda ɗaya ya ɗan ja. Ba ta motsa ba. Ya zura almakashi ta ƙasa ya datse, ya ajiye ta gefe. Kafin rana ta take, dashen ya sunkuyar da kai, ganyen ya yi laushi. Yaya ya tsaya yana kallonsa, ya kalli sauran layin da ke tsaye kore shar, ya kalli layin Direba. Sai ya ɗauki wanda ya yanƙwane ya kai bayan ɗakin ajiya, ya mayar da almakashin aljihu. Ya ce mini, ba tare da na tambaye shi ba, «Gobe.» Gobe ta zo ya ce jibi, haka har ranar ta zo.

An yi ruwa daren da ya gabata, gari ya waye da sanyi. Motar akori-kura ta mutanen birni ta tsaya a bakin ƙofa, yaran makaranta kusan arba'in suka yi layi don su yi dako. Yaya ya zo da farar riga da ya ɗinka da hannunsa tun idonsa na gani, da hular Laraba. Jami'i ya bi layin Direba yana taɓe baki kaɗan. Da ya iso na Yaya sai ya rufe littafinsa.

«Kai! Baba, waɗannan naka ne?»

«Nawa ne.»

«Ai babu sauran magana. Waɗannan za mu ɗauka.»

Mai Hoto ta tsayar da Yaya a tsakiyar layin, ganye har ƙirjinsa. Ta ce ya yi murmushi. Ya yi, irin wanda rabon da in gani tun kafin kalanda. Ya gyara hula, ya saci kallon Direba. Direba yana tafa masa.

Shugaba ta ce yara su fara ɗauka. Wata yarinya mai tsagar haƙori ta tsuguna ta rungumi ledar farko. Ta ja, ta ƙi. Ta cije leɓe ta sake ja da ƙarfi, sai muka ji ɓas. Ta faɗi zaune da dashen a cinyarta, ledar ta yage, ƙasar ta zube, saiwar ta tsinke kamar igiya. Na kusa da ita ya ja tasa, ita ma ɓas.

Yarinyar ta juya dashen ta duba ƙasansa, ta ɗago kai. Ba da rashin kunya ta faɗa ba, mamaki ne a fuskarta. «Baba Tela, wannan ba a ɗaga shi ba.»

Wani daga baya ya ce, «Duk sati nawa?» Sai yaran suka ɗauka gaba ɗaya, da muryar da suka saba, suna jin daɗin sun iya karatu: «Sati biyu! A ɗaga, a datse, a ajiye!»

Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasar da ke hannuna. Jami'i ya koma layin Direba ya ɗaga leda ɗaya da yatsa uku. Ta taso ba gardama. Ya ɗaga ta biyu, ta uku. Ya sake buɗe littafinsa.

Direba ya matso, yana son ya rufa asiri. «Ai ruwan jiya ne ya manne su da ƙasa, ranka ya daɗe. In aka bar su suka sha iska...»

«Kar ka yi mini ƙarya a kai,» in ji Yaya. «Ban ɗaga ba. Sati goma ban ɗaga ba. Kuma ba na son taimakonka.»

Aka loda na Direba. Yara suka bi motar zuwa bakin ƙorama suna yi masa fiii-fiii. Mai Hoto ta tafi da hoton Yaya a cikin na'urarta, ba mu taɓa ganinsa ba.

Yaya bai je dashen ba. Ya naɗe hannun farar rigar ya durƙusa a cikin laka, yana haƙa a hankali yana datsewa, ni ina miƙa masa sababbin ledoji. Muna yi har aka kira azahar. Wasu sun rayu bayan jinya a inuwa, da yawa sun tafi. Maɗaci bakwai na ƙarshen layi saiwarsu ta yi nisa ƙwarai, Shugaba ta ce a bar su inda suke.

Sati uku bai leƙo fili ba. Na je gaishe shi, na same shi a tsakar gida yana wasa almakashi a kan dutse. Bayan gaisuwa ya ce, «Na bakin ƙorama, nawa suka mutu?»

«Goma sha ɗaya, Yaya.»

«Cikin ɗari uku?»

«Cikin ɗari uku.»

Ya gwada kaifin almakashin a bakin zaninsa na shimfiɗa. «Kaɗan ne,» ya ce, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Sannan ya ƙara, «Ni na koya masa ai.»

Ranar Asabar ya dawo, ya ja igiya ya fara sabon layi.

Yau shekara uku ke nan. Maɗacin nan bakwai sun fi tankin ruwa tsawo, kuma a inuwarsu ake shimfiɗa wa yara buhuna. Direba ne mai Laraba. In ya zo wurin saiwa yakan nuna itatuwan ya ce, «Waɗannan da kuke zaune a ƙarƙashinsu, tafiya aka shirya musu suka ƙi tashi.» Bai taɓa faɗin layin wa ba ne. Yaya ya ce wannan ma salon nuna kai ne.

Amma Yaya ba ya fashin Laraba. Ita ya zaɓa ta zama ranar ɗaga ledojinsa, a layin da ya fi kusa da yaran, yana yi yana kasa kunne. In Direba ya yi tuntuɓen harshe, gyara na zuwa daga baya kafin ya rufe baki. Wuƙar Direba kuwa ta dakushe, tana tauna saiwa maimakon ta yanke, don haka duk sati sai ya roƙi aron almakashi, duk sati Yaya ya ce masa akwai a kasuwa.

Larabar da ta wuce Direba ya sake roƙo a gaban yara. «Mai Allura, don Allah minti ɗaya.»

Sai Yaya ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya zo har gaban aji. «Ba a ba ɗan tasha almakashi. Riƙe ledar. Sama. Ka miƙe hannun mana.»

Direba ya riƙe. Ƙyas. Farar saiwar ta faɗi a kan buhu, yaran gaba suka yi rububin ɗauka. Yaya ya goge almakashin a hannun riga, ya koma layinsa.

Da aka watse ya biyo ta kusurwata kamar mai neman leda. Ya tsaya yana juya ɗaya a hannu.

«Ƙanwata, ke da kike ganin komai. Ni suka kalla ko shi?»

Na yi tunani, don ba na son in yi masa ƙarya. Na ce, «Almakashin suka kalla, Yaya.»

Ya taɓa aljihunsa. «To ai nawa ne,» ya ce, ya ɗauki garwa ya nufi tanki.